Allo Ɗaya, Ido Shida

Tsohon allona ya mutu ran Talata.
Wani koren layi ya tsaga shi daga sama har ƙasa
ina tsaka da lissafin buhunan riɗi.
Sifili ya koma takwas, takwas ya koma tabo.
Na rufe, na ce gobe sai Kasuwar Dole.

Kiyari, ɗan yayata, ya riga ni sa takalmi.
Shi tseren mota ne damuwarsa, da ƙwallo,
ya haddace lambobi kamar mai shiga jarrabawa:
"Kawu, ɗari da arba'in da huɗu, kar ka yarda da sittin,
mai sittin, in mota ta sha kwana, inuwarta na binta."
Inna Falmata ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙulle wani abu a bakin zanenta
ta biyo mu.

Shagon Tanimun na bayan masu gyaran waya.
Alluna jere a bango, kifi iri ɗaya ke iyo cikinsu,
ruwa shuɗi, ruwa har ya ishe ka,
a Damagaram, inda muke tsaron famfo da jarka tun asuba.

Ya nuna mana babba, mai lanƙwasa kamar ɓarin ƙwarya,
inci talatin da biyu, jikka ɗari biyu ba ragi.
Kiyari ya haɗiye yawu, ni na tuna teburina,
kamu huɗu ne duka-duka, har da wurin kofin shayi,
na tuna batirin sola da ke nishi in an ɗauke wuta.
Na ce a wuce.

Na biyu yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa.
Na leƙa, sai ga fuskata, ga ƙofa, ga mai kabu-kabu a waje.
Tagata yamma take kallo.
Madubi ina da shi a gida.

Na uku bai da fahariya, inci ashirin da huɗu.
Na buɗe lissafina, ƙananan baƙaƙe suka tsaya cak,
kowane waƙafi da wutsiyarsa.
Kiyari ya ja motarsa, ya sha kwana, ya sake sha,
ya ɗaga kafaɗa: "Ɗari ne kawai. Amma ba laifi."
A bakinsa wannan kirari ne.

Sai Inna ta matso.
"Sa min hoton malam," ta ce, "na ranar sunan Kiyari."
Na tura shi daga waya zuwa alluna uku.
Ga babana sau uku, cikin rigarsa ta shuni.
Ta kwance ƙullin: ƙyalle ne, ragowar rigar nan,
shekara tara tana ajiye da shi ban sani ba.
'Yar marina ce, a bakin karofi ta yi wayo.
Ta kara a na farko: "Wannan bula ce."
A na biyu: "Sun ƙona shi."
A na uku ta daɗe.
Ta koma gefe ta duba, ta rusuna ta duba,
launin bai gudu ba.
Tanimun ya rage muryar rediyonsa.

Jikka tamanin da biyar, ya bar mana biyar, ya ƙara igiya.

Yanzu safiya tawa ce, da riɗi da bashin mutane.
Bayan la'asar Kiyari da ihunsa.
Dare na Inna ne, kokawa take kallo,
tana faɗa wa 'yan maza inda za su sa ƙafa.

Na kafa doka: kar wanda ya taɓa gilashin.
Jiya na fito shan ruwa cikin dare,
na tarar ta maido hoton,
tana goge masa kafaɗa da bakin mayafi.
Na koma ɗaki da ƙishina.