Katin Kantin Sari

Sanda ne ya fara kawo mini zancen,
muna gindin dalbejiya a Yelwa,
zafin Garwa na narkar da kwalta,
ina tsaka da facin tayar wani.
Ya zaro koren kati daga aljihu
kamar mai nuna takardar gado:
"Jaka goma sha biyu a shekara,
ƙofar kantin sari ta san sunanka.
Sukari, shinkafa, man girki,
farashin da 'yan tireda ke ɓoye mana."

Na biya. Aka ɗauki hotona,
na fito da ido ɗaya a lumshe.

Ranar farko sanyin na'ura ya sace mini hankali.
Sabulu na je saye,
na fito da kwali uku,
da buhun shinkafa mai kilo hamsin,
da tumatirin gwangwani na cikar gidan biki,
da wata fitila da har yau
ban gano inda ake kunna ta ba.
Mai babur ya dubi kayan, ya dubi tayarsa,
ya ce sai dai a kira na biyu.
Rangwamen da na ci
ya sauka a hanya, bai iso gida ba.

Kubura ta riƙe ƙugu a bakin ƙofa:
"Ɗaki ɗaya gare mu, Malam.
Buhun zai kwana a gado, ko ni?"

Kwali ba ya iya shiru.
Kafin la'asar unguwa ta ji ƙamshinsa:
a sam mana sabulu, a ranta mana mudu,
wanda ya tara ai ba ya cewa babu.
Abin da maƙwabta suka rage,
ƙwari suka yi masa sallama da damina.

Hamajoda mai tireda a kan kwana,
shekara tara yana rubuta ni a littafi,
ya ga na wuce da kayan wani wuri.
Bai ce komai ba.
Gaisuwarsa dai ta rame.

Sai wata ya yi nisa,
taya ta ƙi fashewa a garin nan kwana shida,
Iro na kwance da zazzaɓi.
Na kai katin, na'ura ta yi ƙara:
ta san lambata, ba ta san ni ba.
Na dawo kan kwana ina sunkuyar da kai.
Hamajoda ya auna gero, ya ƙulla shayi,
ya lashi yatsa, ya buɗe shafina.
"Yaya jikin yaron?" Iyakar abin da ya ce.

Da dare na yi lissafi a bayan kwali:
na ci jaka bakwai, na biya sha biyu,
ban da babur, ban da fitila.
Na yi niyyar goge manne da katin.

Goggo Dija mai makala ce ta hana.
Buhun fulawa ba ya mako a hannunta,
jarkar mai kuwa kamar ruwan Binuwai take wucewa.
Ta tara gida shida kamar adashi,
aka raba kuɗin kati, aka raba na amalanke.
Ga wanda tukunyarsa ke da faɗi,
ashe abin na biya.

Matsala ɗaya: fuskata ce a jiki.
Duk Asabar ni ke rufe rumfa,
in tura kaya da jerin sunaye a hannu,
ladana makala biyar da addu'a.
Makon jiya suna na bakwai ya ƙaru:
ashana kwali biyu, Hamajoda.

Jibi katin zai mutu.
Sanda na tambaya ko zan sabunta.
Na ce ya tambayi Goggo.
Ni dai in za a sake,
a bar ni in buɗe ido a hoton.