Kafin a Shafe Bango

Da alli na bi bangon masaukin nan na Barnawa,
ina zana hanyar waya.
Nan fitila mai sanyin haske,
don wanda ya kwaso gajiyar titin Abuja.
Can soket biyu daidai matashin kai,
yanzu kowa da cajarsa yake kwana.

Hajiya Dije na so labule ya buɗe kansa,
fanka ta ji magana.
Na ce, ranar da aka ɗauke wuta fa?
Ta yi shiru.
Muka ƙara layin sola.

Talabijin a ɗaki bakwai,
kada ihun ƙwallo ya tada maƙwabci.

Gobe magina za su rufe komai da siminti.
Baƙo zai danna, ɗaki ya haske,
ba zai tambayi sunana ba.