Rubu'in Awa a Sito na Huɗu

Takardar ta zo ran Talata, shafi arba'in da ɗoriya.
Niemela ya karanta ta a tsaye, tabarau a ƙarshen hanci,
ya ce, "To, gwamnati ta ɗaga kai ta ga silinmu."
Abin da ta ƙunsa bai kai bakin cokali ba:
duk fitilar da za a ƙera daga yanzu,
in ta karɓi wuta ɗari,
kada ta ɓarar da fiye da goma sha biyu a hanya.
Tsofaffinmu ba a ce a sauke su ba.
Mai sito ne ya zauna da alƙalami,
kuma alƙalaminsa ya fi doka kaifi.

Ni ne mai hawa.
Ƙafa talatin sama da siminti, a Duluth, a watan Janairu,
ina kwance ƙusoshin da na ɗaura da hannuna
tun gashina bai san furfura ba.
Ƙwai mai zaiba da gishirin ƙarfe,
a bayansa 'yar taransifoma, nauyin jariri,
shekara ashirin tana gurnani, tana toya ƙura,
ɗumin da ba wanda ya mora
sai tantabaru biyu da suka shigo ta hujin rufi.

Ba su taɓa tashi da garaje ba.
Ka kunna da asuba, su yi ja-ja, su yi shuɗi-shuɗi,
kamar tsoho a bakin gado yana laluben takalmi.
Wadda ta tsufa sai ta koma kore,
ta mai da fuskar mai lafiya ta majinyaci.

Amma ga abin da takarda ba ta auna ba.
In iska ta taso daga tafki ta kaɗa waya,
wuta ta ƙifta ido sau ɗaya tak,
sai su mutu gaba ɗaya,
kuma ba sa dawowa sai sun huce.
Rubu'in awa.
Ba mai tuƙa motar ɗaga kaya a duhu.
Sai mu lalubi katako mu zauna,
Pakou ta kwance ƙullin shinkafarta mai danƙo,
hannu ya sami hannu, kowa ya gutsura.
A duhun nan Efraín ya ce ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa,
muka yi ta tafi ba mu ga juna ba.
A duhun nan Niemela ya ce
Ardis ta fara kiransa da sunan ƙanenta.
Ba wanda ya ce uffan.
Can sama, ɗaya ta fara ja.

Sababbin ba su da murya.
Ka taɓa makunni, rana ta faɗo.
Kuɗin wuta ya karye fiye da rabi,
kuma ban zo kuka ba:
jikata na yawo da abin shaƙa a aljihun makaranta,
na san inda hayaƙin tasha yake kwana.
Abin da aka rage, an rage shi da gaskiya.

Sai dai shekaranjiya iska ta sake tasowa.
Duhun bai kai numfashi ɗaya ba.
Na ga Niemela ya juyo, baki a buɗe,
"Jiya Ardis ta..."
haske ya dawo masa a fuska, fari fat.
Ya gyara hula, ya ɗauki takardar kaya.

Sittin da huɗu na sauke.
Ba a jefa su a shara, saboda zaibar,
akwai ganga mai murfi, a jera su a kwance, a sa hannu.
Ta ƙarshe da ɗuminta na sauko da ita.
Na riƙe ta a ƙirji cikin safar hannu,
na tsaya a bakin gangar
har ta huce.