Azara Ta Gaji

Daren jiya a Birni
ruwa bai nemi ƙofa ba.
Ta sama ya shigo, ya sauka kan buhun gero.
Iya Magaram ta jera kwano uku da ƙwarya,
kowanne da irin kukansa.

Da safe Kanta magini ya hau tsani,
ya soka wuƙa a azara,
ta shige kamar kabewa.
Gari ya zubo masa a gemu.

"Gara ta riga ku cin gado.
Yaɓe ba zai riƙe soron nan ba."

Iya ta daɗe tana duban sama.
Marigayi ne ya ɗora itacen
shekarar haihuwar Zuwaira,
Zuwairar da yau ke goyon jika.

Ta kwance bakin zane:
"Jaka nawa ne kwanon rufi a Dole?"