Rajistar Aro

Tsayaba, ga makullai.
Ƙaramin na ƙofar baya ne, sai kin ɗan ɗaga ƙyauren kafin ya juya.
Ga rajista kuma. Kar ki raina baƙin bangonta,
duk Maradin da na sani tana cikinta.

Ɗakin nan siton gyaɗa ne tun farko.
Da cinikin ya mutu, mai shi ya ce
a zuba abin da ba ya ruɓewa.
Mushe Barmo ya zo da akwati biyu bisa amalanke,
littafi ɗari da sha ɗaya,
da bencin da ya aro a lakwal bai mayar ba.
Shekara uku, duk shafin da ka buɗe ƙanshin gyaɗa yake.
Gara ta riga kowa yin rajista.
Ta ci tarihin Faransa har tsakiya,
ta bar mana lissafi, ita ma ya gagare ta.

Ni inuwa ta kawo ni, ba karatu ba,
da gajeren wando, da faso a ƙafa.
Barmo bai kore ni ba.
Ya turo mini littafi mai hoton teku,
ni da ban san ruwan da ya fi Gulbi ba,
shi ma rabin shekara yashi ne.

Da safe tsofaffi za su zo wa jarida,
ko ta kwana goma ce ki ba su, gardamar suke so.
Wata za ta shigo da wasiƙa ƙulle a bakin zane.
Karanta mata a hankali,
in kin kai wurin da babu daɗi, kar ki tsallake, za ta gane.
Talata akwatin ƙarfe na Tibiri ne,
Alhamis na Madarunfa, bayan kabu-kabu,
ya dawo yana ƙarnin kifi, da ƙarin yashi a cikinsa.
Lokacin jarrabawa ki manta da agogo.
Ƴan lise sai sun ga kin fara gyangyaɗi suke tashi.
Mu da fitilar ƙwai muka raka su,
ke kin samu hasken rana a kan rufi,
da na'ura shida, huɗu na aiki.
Kabad ɗin kusurwa na ajami ne,
wasiƙun fatake, takardun gona, bashin da aka yafe.
Ba a taɓa su da hannun maiƙo.

Yanzu buɗe shafi na arba'in.
Kin ga layin da ban soke ba?
Haɓsu, unguwar Bagalam, littafin karɓar haihuwa.
Ba ta karatun boko, ɗanta ke fassara mata da dare.
Sati biyu na ba ta.
Na aika sau uku, ta ce tana nan tafe.
Shekara ashirin da shida.

Bara, bayan sadakar arba'in ɗinta,
ƴarta ta kawo shi naɗe cikin kallabi.
Na lissafa tara, dala-dala kullum, ta kai kuɗin rago.
Sai na buɗe.
Gefen kowane shafi, da fensir, da ajami mai karkata,
sunan duk jaririn da ya faɗo hannunta,
da ranar, da unguwar,
da ɗan ɗigo gaban waɗanda ba su zauna ba.
Na ƙirga ɗari uku na daina, ido ya ƙi.

Kusa da hoton cibiya, can ƙasa,
akwai Tsayaba, daren Lahadi, ana ruwa.

Yana cikin kabad ɗin kusurwa. Ban san wa ke bin wani ba,
shi ya sa na bar layin a buɗe.

Kusurwar gabas na yoyo in damina ta kankama,
kwanon yana ƙarƙashin tebur.
Akwai kuma wani yaro da ke zuwa da azahar,
ya zauna bakin taga, bai taɓa komai.
Littafin tekun yana layi na biyu, bangonsa ya fita.