Ƙwarin Labulen Goggo Dijatu

A Garwa nake gyaran kujeru,
bayan kasuwa, inda hanya ta gangara Binuwai.
Ran Talata Goggo Dijatu ta zo da ƙunshi,
ta ce, "Kujera biyu za ka rufe mini da wannan."

Na warware. Warin tsohuwar adaka ya tashi.
Labule ne, ja mai duhu, kamar zoɓon da ya kwana.
Wai a bayan raƙumi ya sauko daga Tarabulus,
kakan kakanta ya ba da shanu bakwai,
ko tara, ita ma ji ta yi.

Ba furannin ne suka tsayar da ni ba,
kowa na iya fure.
Ƙarƙashin wani ganye fara ce ta laɓe,
ƙafa a naɗe, tana shirin tsalle,
shekara ɗari uku ba ta tashi ba.
Na ƙirga ƙayoyin ƙaurinta, ba wadda ya manta.
Mai wannan aiki ya taɓa riƙe fara a hannu.
Ko ya soya, ban sani ba.

Ga buzuzu na koren zare yana hawan kara.
Ƙudan zuma ya cusa kai cikin fure, sai ɗuwawu a waje.
Malam-buɗe-littafi shafinsa ɗaya shuɗi,
ɗayan rana ta karance shi tas.
Can bakin gefe wata tururuwa, ita kaɗai,
inda ba mai dubawa, inda ƙusa za ta shiga.
Wa ya biya shi ladan wannan?

Kai masaƙi, ban san sunanka ba, ban san alƙiblarka ba.
Attajiri ya ce maka yana son lambu,
kai kuwa ka san lambu sai da ƙwaro.

Kusa da farar ga huda, ga wata:
asu ne, ɗan'uwansu mai rai,
ya zo gaisuwa ya ci gidan.
Bakari yarona ya yi dariya, ya miƙo almakashi.

Alli na hannuna har la'asar.
Duk inda na ja layi, wani zai rasa fiffike.

Da Goggo ta dawo na ce kujera ɗaya zai yi.
Ƙarya na yi, zai yi biyu har da matashi.
Ta dube ni, ta dubi farar,
ta shafa ta da ɗan yatsa mai lalle,
ta ce, "To, sa ta wajen jingina.
Kada a zauna mata."