Wadda Ba Ta Nutsewa

A Horta, ranar Talata, ana yayyafi,
na jawo babana Anacleto shagon kayan jirgi
kamar mai jan akuya zuwa kasuwa.
Ya ce, "Shekara hamsin ina ƙetara mashigin nan zuwa Pico,
ban taɓa roƙon akwatin roba ya yi mini magana ba."
Na ce, "Ba ita za ta yi maganar ba, Baba,
kai za ka yi."

Dona Ermelinda ta jera oba-oba uku a kan kanta.
Ta farko baƙa, siririya, mai araha.
Ta biyu madannanta sun fi haƙoran Baba yawa.
Ta uku rawaya, ƙatuwa, ba fasali,
sai ka ce sandar sabulun wanki.

Baba ya ɗaga baƙar, ya auna ta a tafi,
ya tambayi kuɗi, ya gyaɗa kai.
Ermelinda ba ta yi masa musu ba,
ta shiga ciki, ta fito da bokiti cike da ruwa.

Ta saki baƙar.
Tsundum, ta kwanta a ƙasa kamar dutse.
Ta saki mai madannan,
ta bi 'yar'uwarta da duk iliminta.
Ta saki rawayar.
Ta nutse, ta yi tunani, ta taso,
ta juyo da fuska sama,
'yar fitila na ƙiftawa a goshinta:
ga ni, ga ni, ga ni.

Baba ya yi shiru.
Na san inda ya tafi.
Daren da iska ta karya jigon filafilai,
eriyar babban rediyo tana can a ƙololuwarsa,
jigo ya faɗi, murya ta bi shi.
Ƙanensa Custódio yana cikin ruwa,
fitilun gari suna nan, ana iya ƙirga su,
Baba ya yi ihu har maƙogwaro ya tsage,
teku ta karɓe, ba ta miƙa wa kowa ba.
Tun ranar ba a ambaton daren a gidanmu,
sai dai kujera ɗaya da ba a zama.

Da ya dawo daga can, sai ya hau tambaya.
"Batir ɗin awa nawa?"
"Sha biyu, in ba ka cika surutu ba."
"Yatsa mai sanyi, cikin safar hannu, zai iya danna ta?"
"Gwada."
Ya gwada da babban yatsansa mai kanta.
"Ina muryarta ke kaiwa?"
"Ba ta kai Lisbon. Tana kai gaɓa,
tana kai jirgin da ke kusa da kai, shi ne mai amfani.
Ka bar ta a tasha ta sha shida.
Kada ka jefa ta a aljihun tebur,
ɗaure ta a ƙirji, jikin rigar ceto,
inda ka faɗa, can za ta faɗa."

Ya ƙirga kuɗin sau biyu, yana mita,
wai launin ya yi kama da ƙwai,
wai Garajau jirgi ne mai mutunci.
Ya tsamo ta da kansa, ya goge ta da hularsa.

Da la'asar sama ta washe.
Na tsaya a ofishin tashar jirage
ina kallon farin filafili yana ƙanƙancewa wajen Pico.
Sai rediyon bango ya yi kaki:
"Garajau ne. Kuna ji na?"
Ma'aikacin ya ce, "Muna jin ka sarai."
Shiru.
"Kuna ji na?"
"Muna ji, Anacleto."

Ya sake tambaya, karo na uku.
Ma'aikacin ya dube ni.
Na ce, "Amsa masa."